Littafin Takarda Ko Na Na'ura, Wanne Za A Saya?



Yau mako huɗu ke nan wasiƙu na ta zuwa wannan fili a kan magana guda, watau gardamar littafin takarda da littafin na'ura. Waɗansu sun ce zamanin takarda ya wuce, wai duk wanda ke ɓad da kuɗinsa wajen sayen bugaggen littafi yau, tamkar mai cinikin jaki ne alhali ga mota tsaye a ƙofar gidansa. Waɗansu kuwa suka ce karatun da a ke yi a fuskar waya ba karatu ba ne, kallo ne kawai. Kowane ɓangare ya dage a kan nasa, har an fara 'yan gore-gore.

Cikin wasiƙun nan duka, wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani malamin makaranta, don shi ba gardama ya kawo ba, tambaya ce. Ya ce ya daɗe yana tsimi daga albashinsa, ya tara ɗan abin da ya tara, yana so ya kafa wa kansa da 'ya'yansa ɗakin karatu. Shin littattafan takarda zai riƙa saye ɗai-ɗai, ko kuwa ya haɗa kuɗin ya sayi na'ura guda ya zuba littattafai ciki? To, tun da magana ta kai ga gumin mutum da abin da zai bar wa na baya, ai ta wuce wasa. Ga abin da na gani.

Da fari, sabo da dattawanmu waɗanda ba su saba da abin ba, bari mu faɗi ko mene ne littafin na'ura. Littafi ne kamar kowane, da babi-babi da shafi-shafi, sai dai ba a buga shi bisa takarda ba. Kalmominsa a ke adanawa cikin kwamfuta, a aika ta intanet, mai bukata ya sauke ya karanta a fuskar wayar hannu, ko ta kwamfuta, ko ta wata 'yar na'ura mai kamar ƙaramin allo wadda don karatu kaɗai aka ƙera ta. Abin ba sabo ba ne ƙwarai. Tun cikin 1971 wani ɗalibi a Amurka, Michael Hart, ya fara zuba rubuce-rubuce cikin kwamfuta don kowa ya samu kyauta. Aikin nan nasa, wanda a ke kira Project Gutenberg, yana nan har yanzu, littattafan cikinsa sun haura 70,000. Amma abin bai game duniya ba sai bayan da kamfanin Amazon ya fito da na'urarsa mai suna Kindle cikin 2007, a kan dala 399. Fuskar irin wannan na'ura cike ta ke da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi farare da baƙaƙe, waɗanda lantarki ke tasowa ko ya nutsar, su haɗu su ba da siffar haruffa. Ba ta cin batir sosai sai wajen juya shafi, shi ya sa caji guda ya kan kai makonni, ana kuwa iya karatu da ita ko a tsakar rana. Mu dai a nan, yawancin masu karatun na'ura a waya su ke yi, don ita ce a hannun kowa.

Yanzu mu ba kowa haƙƙinsa. Littafin na'ura yana da amfanin da ba mai musunsa sai wanda bai gwada ba. Akawun da aka taɓa ɗagawa daga wannan gari zuwa wancan ya san nauyin akwatin littattafai, ya san kuma abin da direba ke cewa in ya gan shi. Yau mutum na iya sa littafi dubu a aljihun rigarsa. Malamin da aka kai ƙauye, inda ba kantin littattafai sai an yi tafiyar yini, yana iya samun abin da ya ke nema kafin ruwan shayinsa ya tafasa. Dattijon da ganinsa ya rage yana iya ƙara girman haruffa yadda ya ke so, makaho ma na'ura ta kan karanta masa ya saurara. Malamanmu masu nazarin Larabci sun san Maktabatus Shamila, wadda ta tara dubban littattafai wuri guda. Mas'alar da dā sai malami ya kwana uku yana sauke mujalladi yana mayarwa, yanzu kalma ɗaya zai rubuta a jero masa duk wuraren da ta fito.

Ga kuma batun kuɗi. Masana'antun takarda uku da Gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su ƙosar da ƙasar nan ba, yawancin takardar ɗab'i daga waje a ke shigo da ita. Sabo da haka duk sa'ad da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi daga tsakiyar 2023, sai kuɗin littafi ya tashi. Wanda ya ce wa ɗalibi matalauci kada ya yi karatu a waya, alhali bai saya masa na takarda ba, ai bai yi masa adalci ba.

To, amma fa akwai tambayoyi uku da ya kamata mai saye ya yi wa kansa kafin ya kwance bakin jakarsa.

Ta fari ita ce, karatun zai zauna kuwa? A nan ba sai mun dogara ga ra'ayi ba, an yi awo. Cikin 2018 waɗansu masana na Jami'ar Balansiya ta ƙasar Sifaniya, tare da wata abokiyar aikinsu, suka tattara bincike 54 da aka yi a kan mutum fiye da 170,000, suka auna fahimtar mai karatu a takarda da ta mai karatu a fuskar na'ura. Suka tarar takarda ta ɗan fi. Fifikon ba mai yawa ba ne, amma yana nan, ya kuwa fi bayyana a wuri biyu, watau in abin karantawar na ilmi ne mai bukatar nazari, da kuma in an ƙayyade wa mutum lokaci kamar a ɗakin jarrabawa. In labari ne zalla, ba su ga wani bambanci ba. Abin mamaki kuma, fifikon takarda bai ragu ba da mutane suka ƙara sabawa da na'ura, ƙaruwa ma ya yi. Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen sa na'urori a makarantu, Gwamnatinta ta ware kuɗi cikin 2023 don a mayar wa yara bugaggun littattafai.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama gaban malami. Tambayi almajirin ilmi wata mas'ala, sai ka ji ya ce tana wajen tsakiyar littafi, a shafin dama, can ƙasa kusa da inda tawada ta ɗiga. Watau ido da hannu suna taya zuciya riƙo. Kaurin abin da ka karanta yana hannu guda, na abin da ya rage yana ɗayan, ka san inda ka ke kamar matafiyi mai ƙirga zango. A waya kuwa rubutu gangarowa ya ke yi kamar ruwan rafi, da an ƙara girman haruffa shafi ya sake wuri. Bayan wannan, littafin takarda ba ya kiranka, ba ya kawo maka saƙo. Waya kuwa kana tsakiyar jimla za ta yi ƙara, ka ce bari in ɗan duba, kafin ka farga rabin sa'a ta wuce. Taura biyu ba ta taunuwa. Na'urar karatu zalla ta fi waya a nan, don ba kowa ke damunka a cikinta ba.

Tambaya ta biyu ita ce babba, ita ce kuma masu rubuto wasiƙu duk suka tsallake. Littafin nan da ka biya kuɗinsa, naka ne? Na takarda dai ba shakka. In ka so ka ba da aro, in ka so ka yi kyauta, in ka matsu ka sayar, in ka rasu a sa shi cikin gado. Na na'ura kuwa iri biyu ne. Akwai sakakke, wanda in ka sauke shi ya zauna a wurinka, ka buɗe shi da kowace na'ura. Akwai kuma wanda aka sa wa kwaɗo, ba ya buɗuwa sai ta hanyar kamfanin da ya sayar maka, yawancin na manyan kasuwannin intanet kuwa irin wannan ne. Sharuɗɗan Amazon sun faɗa a fili cewa izinin karatu a ke ba ka, ba sayar maka aka yi ba, ba ka kuwa da ikon sayar wa wani ko miƙa masa. Sai dai mutum nawa ke karanta sharuɗɗan nan kafin ya ce ya yarda?

Kada a ce tsoratarwa ce kawai, ga abin da ya riga ya faru. Cikin watan Yuli 2009 waɗansu masu Kindle a Amurka suka wayi gari suka tarar littattafai biyu na George Orwell da suka saya sun ɓace daga na'urorinsu. Ɗaya shi ne 1984, ɗayan kuwa shi ne wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi. Ashe wanda ya kawo littattafan kasuwar ba shi da iznin sayar da su, sai kamfani ya miƙo hannu daga nesa ya share su, ya mayar wa kowa kuɗinsa. Mutane suka yi ca, har shugaban kamfanin, Jeff Bezos, ya fito ya nemi gafara. Cikin waɗanda abin ya shafa har da wani ɗan makaranta wanda ya riga ya yi wa littafin sharhi don aikin da aka ba shi, sharhin ya zama linzami babu doki, sai da ya kai ƙara. Ku duba fa, da a ce na takarda ne, mai kanti zai iya shiga ɗakinka da dare ya ɗauke littafi ya ajiye maka kuɗi bisa tabarma?

Cikin 2019 kuma kamfanin Microsoft ya rufe kasuwar littattafansa. Daga watan Yuli na shekarar duk abin da mutane suka saya a can ya daina buɗuwa. An mayar musu da kuɗinsu, wanda ya yi rubutu a gefen littattafansa aka ƙara masa dala 25. A nan gida ma, OkadaBooks, wadda aka kafa cikin 2013, inda marubutan Hausa da yawa suka riƙa sayar da labarunsu, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Ban kawo waɗannan don zargin kowa ba, ciniki ne, yau riba gobe faɗuwa. Abin lura shi ne, kantin littattafan takarda in ya rufe, abin da ka saya a cikinsa yana nan ɗakinka. Maganar ta yi ƙarfi har jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, ta tilasta wa masu irin wannan ciniki su bayyana wa mutum in izni kaɗai ya ke biya, kada a ce masa saye ne a yi shiru. Hausawa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.

Malam mai tambaya ya ce don 'ya'yansa ya ke so, to, ya auna wannan da kyau. Duk wanda ya gaji littafin mahaifinsa ya san ba takarda kaɗai ya gada ba. Ga inda tsohon ya ja layi, ga inda ya rubuta ma'anar kalma da ajami tsakanin saɗara da saɗara, ga inda ya yi gyara a gefe, ga ranar da ya sauke littafin. Ɗa ya buɗe ya tarar uban na yi masa darasi bayan ransa. Yaro kuma in ya tashi yana ganin littattafai jere a ɗaki, wata rana hannunsa zai kai ga ɗaya ko ba a sa shi ba. Littafi dubu da ke kulle cikin wayar uba, yaron bai san ma suna nan ba, in kuwa ya ga uban ya duƙufa a kanta, ba ya iya rarrabe ko nazari ya ke yi ko hira.

Tambaya ta uku, wanne ya fi jure zamani? A nan kowane na da maƙiyansa. Ga labari biyu, ku auna.

Cikin 1086 Sarkin Ingila Wiliyam ya sa aka zaga ƙasarsa aka rubuta gonaki da dabbobi da masu su, don a san harajin da ya hau kan kowa. Da tawada aka rubuta bisa fata, littafin kuwa, wanda su ke kira Domesday, yana nan ajiye a London. Da ya cika shekara 900, cikin 1986, sai BBC ta shirya sabo na zamani, yaran makarantu da yawa suka taimaka da rubutu da hotuna, aka zuba cikin waɗansu manyan faya-fayai masu sheƙi. Kafin 2002 na'urorin da ke karanta faya-fayan nan sun yi wuyar samu, sai da masana suka yi ta fama kana aka ceto abin da ke ciki. Na fata ya haura shekara 900 ana karanta shi da ido kawai, na na'ura bai cika 20 ba ya nemi kuɓucewa.

Amma kada masu takarda su yi saurin murna. Cikin 2012 mayaƙa suka kame garin Tumbuktu na ƙasar Mali, inda aka gaji dubban littattafai rubutun hannu. Da za su fita cikin Janairu 2013, littattafai wajen 4,000 na cibiyar Ahmad Baba suka salwanta, aka tarar da tokar waɗansu. Sauran, fiye da 300,000, Abdulƙadir Haidara da mataimakansa ne suka riƙa fid da su a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, waɗansu a mota waɗansu a kwalekwale bisa Kogin Kwara, zuwa Bamako. Can kuma sai laima ta zama abin tsoro, don takardun sun saba da busasshiyar iskar bakin hamada. Abin da aka ga ya fi shi ne a ɗauki hotonsu shafi-shafi a adana cikin kwamfuta. Mu ma nan ba sai an yi yaƙi ba, gara da ɓera da ɗigar damina da gobara sun cinye gafakokin malamai ba iyaka, littafin da ba shi da na biyu kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

Kun ga ashe ba kishiyoyi ba ne. Takarda ba ta bukatar caji ko iznin kamfani, amma wuta guda ta ishe ta. Na na'ura ana iya ajiye shi wuri goma a lokaci guda, amma sai an riƙa kula da shi ana sake masa mazauni. Kowane gadin ɗan'uwansa ya ke yi.

Sabo da haka ga shawarata ga Malam, da duk mai irin niyyarsa. Ka kasa littattafai gida biyu, kamar yadda mai gida ke rarrabe ɗan gida da baƙo.

Na ɗaya, ɗan gida shi ne littafin da za ka zauna da shi, ka koma masa shekara da shekaru, ka yi rubutu a gefensa, ka karantar da shi, ka bar wa 'ya'ya. Irin su ƙamus, da littattafan fanninka, da na tarihi, da na koyon karatun yara. Wannan saye shi a takarda, ko da guda ɗaya ne a wata. Ɗaga shi daga ƙasa, nesa da jikin bango, ka riƙa kaɗe shi kana dubawa, musamman da damina.

Na biyu, baƙo shi ne wanda za ka karanta sau ɗaya ka wuce, kamar labarun hira, ko wanda za ka leƙa don neman abu guda, ko wanda a ke sake shi kowace shekara. Wannan na'ura ta ishe shi, wayar da ke hannunka ma ta wadatar, ba sai ka taɓa tsiminka ba. In ka zauna karatu da ita, ka kashe data.

Na uku, kafin ka biya kuɗin littafin na'ura, ka bincika sakakke ne ko mai kwaɗo. In sakakke ne, ajiye shi wuri biyu, kada ɓarawon waya ya tafi da ɗakin karatunka a aljihu. In mai kwaɗo ne, ka biya kana sane haya ka yi, kada ka sa shi cikin lissafin dukiya.

Na huɗu, in kana da tsofaffin rubuce-rubucen gado, ɗauki hotonsu tun yau, ka ba 'yan'uwa su ma su ajiye. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyar, a ji tsoron haƙƙin marubuci. Littafin da a ke ta turawa kyauta daga waya zuwa waya ba da yardar mai shi ba, wani ne ya hana idonsa barci ya rubuta. A dokar Nijeriya, wadda aka sabunta cikin 2023, haƙƙin littafi na mai shi ne muddin ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa. In kowa ya ci bulus, wa zai sake rubuta mana wani?

A taƙaice dai, Malam, tun da ɗakin karatu na gado ka ke so, kuɗin tsiminka su tafi ga takarda, na'ura ta zama 'yar aike. Littafi ashirin da ke hannunka, waɗanda ka san ciki da bayansu, sun fi dubu da mabuɗinsu ke hannun wani. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wanda ke da wata hujja da ban kawo ba, ya rubuto, fili na kowa ne. Musamman muna so mu ji daga malaman makaranta waɗanda suka gwada duka biyu a aji. A taƙaita, a kuma bar gore-gore. Haza wasalam.

Naku,
Mai Duban Wasiƙu.